Hanyar Shiga Gida Ma Dukiya Ce

Gidan kakanmu yana cikin wata tsohuwar unguwa ta birnin Kano, kuma tun tasowata zaure ɗaya na san yana da shi. Ta nan maza da mata ke shiga, ta nan ake shigo da itace da buhunan hatsi, ta nan kuma aka fitar da gawar kakan namu ranar da Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo rabon gado, sai aka ja layi aka raba gidan gida biyu: gaba ya faɗa hannun baffanmu, baya kuma ya zama na gwaggonninmu biyu. An auna tsawo da faɗi, an yi wa kowane ɗaki kuɗi, an rubuta takarda, shaidu sun sa hannu. Abu ɗaya ne babu wanda ya ambata a wannan zama, shi ne ta inda masu sashen baya za su riƙa fita. Babu wanda ya ga dalilin ambatonsa, domin a lokacin zauren na ɗan'uwansu ne, kuma da wata daga cikinsu ta ce a rubuta mata hanya da an ce ta zargi yayanta.

Shekaru sun shuɗe ana zaune lafiya, har baffa ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da nasu kason ga wani ɗan kasuwa wanda ba shi da dangantaka da kowa a gidan. Mutumin ya saya da kuɗinsa, ya karɓi takardarsa, kuma takardar ta nuna cewa zauren yana cikin abin da ya saya. Da ya tashi gini sai ya rushe zauren ya fitar da shaguna, ya bar wa gwaggo, babbar cikinsu da ke zaune a sashen baya, wani ɗan tsukin wuri a gefen katanga, wanda faɗinsa bai kai ƙafa uku ba, kuma ta tsakiyarsa kwatar gidan ke bi.

Na je gaishe ta wata ranar Juma'a a tsakiyar damina, na tarar da mai kurar ruwa ya ajiye kurarsa a bakin titi yana ɗaukar jarka ɗaya-ɗaya, yana shiga a karkace, kafaɗarsa na gogar sabon bulo, ƙafarsa ɗaya a kan gefen kwata ɗayar kuma a cikin ruwan. Gwaggo, wadda ta haura shekara saba'in, ta ce mini rabonta da fita unguwa tun farkon ruwa, saboda tana tsoron santsi. Sannan ta faɗi maganar da ta sa na shiga wannan al'amari gadan-gadan. Ta ce, "Ɗan nan, ni ba fitata ce ta dame ni ba. Ranar da na mutu, ta ina za ku fitar da makarata?"

Tun daga wannan rana na fara bibiyar yadda ake warware irin wannan rikici, na zauna da malamai da lauyoyi da masu unguwanni, kuma abin da na fahimta shi ne yawancin rigingimun hanya ana shuka su ne tun ranar rabo ko ranar ciniki, a lokacin da kowa ke murmushi. Mutane suna ɗaukar ɗakuna da fili su ne dukiya, hanya kuwa alfarma ce da maƙwabci ke yi wa maƙwabci. Alfarma tana mutuwa tare da mai yin ta, ko kuma ta tafi ranar da ya sayar.

Shari'ar Musulunci ba ta ɗauki hanya a matsayin alfarma ba. A cikin hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari ya ruwaito kan shufu'a, wato haƙƙin da abokin tarayya yake da shi na karɓar kason da abokinsa ya sayar, an ce idan aka sanya iyakoki kuma aka fitar da hanyoyi, to babu sauran shufu'a. Abin lura a nan shi ne an haɗa abubuwa biyu wuri guda, iyaka da hanya, kamar ana nuna cewa tarayya ba ta yanke sarai sai kowa ya san iyakarsa kuma ya san mafitarsa. Mu a gidanmu mun yi na farko mun bar na biyu, kuma haka ake yi a gidaje da gonaki da yawa. Akwai kuma hadisin Abu Huraira, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan aka yi saɓani a kan hanya a sanya faɗinta kamu bakwai, abin da ya ɗan haura mita uku a awon yau. Malamai sun yi bayanin cewa wannan awo na inda ake jayayya ne wajen fitar da hanya, kuma bai ba kowa damar ya ci tsohuwar hanyar da ta fi haka faɗi da sunan mayar da ita kamu bakwai ba. Wanda ya san yadda raƙumi ke tafiya da kaya a gefe da gefe zai gane hikimar awon, kuma ko a yau faɗin ya isa kura ko babur mai ƙafa uku ya wuce, ya isa mutum huɗu su ɗauko makara ba tare da sun karkata ta ba.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Wani sahabi mai suna Dahhak ɗan Khalifa ya so ya ja ruwa zuwa gonarsa, kuma dole ruwan ya ratsa ta filin Muhammad ɗan Maslama. Muhammad ya ƙi. Aka kai magana gaban Sayyidina Umar, ya nemi ya bari, ya nuna masa cewa abin zai amfani ɗan'uwansa, shi ma zai sha daga ruwan a farko da ƙarshe, kuma ba zai cutar da shi da komai ba. Da ya dage a kan ƙi, sai Umar ya rantse cewa ruwan sai ya wuce ko da ta kan cikinsa ne, ya kuma umarci Dahhak ya ja ruwansa. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan ko alƙali zai tilasta wa mai fili irin wannan a kowane hali, kuma ko a cikin mazhabarmu ta Malikiyya akwai magana mai tsawo a kai. Amma tushen da kowa ya yarda da shi shi ne hadisin da ke cewa babu cuta babu cutarwa, wanda shi ma yana cikin Muwaɗɗa, kuma a kansa alƙalai ke gina hukuncin indararon da ke zuba a gidan maƙwabci, da tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, da katangar da ta toshe mafita.

Fiƙihu ya kuma bambanta tsakanin hanya mai ɓullewa da lungu marar ɓullewa. Hanya mai ɓullewa ta jama'a ce gaba ɗaya, babu mai ikon cin ta ko da maƙwabta duka sun amince masa. Lungun da ba ya ɓullewa kuwa haƙƙin mutanen da ƙofofinsu ke cikinsa ne, don haka ba a yin wani sabon abu a cikinsa da zai taɓa haƙƙinsu sai da yardarsu. Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai a tsofaffin unguwanninmu, inda mutum zai ɗan turo dakalinsa, wani ya tona masai a bakin lungu, wani ya ɗaure tumaki, har hanyar da a da jaki ke wucewa da mangala ta koma sai mutum ɗaya.

Ta ɓangaren dokar ƙasa kuma, abin da ya kamata kowane mai fili ya sani shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta sanya dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani, ko dai wanda gwamna ya bayar, ko kuma na gargajiya wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wajen birane. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokar filaye ta 1962 ta Jihar Arewa, da ma ta Turawa ta 1910 kafin ta, a kan wannan turba suke. Sashe na 5 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon bayar da haƙƙin ratsawa da ke rataye da fili, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon karɓe fili saboda buƙatar jama'a, kamar fitar da titi, tare da diyyar abin da aka gina ko aka shuka a kai kamar yadda sashe na 29 ya tanada. Baya ga wannan, dokar da kotunanmu suka gada daga Ingila ta san abin da za a kira hanyar larura: idan mutum ya yanki wani ɓangare na filinsa ya sayar, kuma ɓangaren ba shi da wata mafita sai ta cikin abin da ya rage a hannunsa, to doka tana ɗaukar cewa ya sayar ne tare da hanya ko da bai rubuta ba. Sai dai lauyan da ya yi mini wannan bayani ya ja kunnena cewa larura ake nufi ta gaske. Idan akwai wata mafita, ko da ta fi nisa ko ta fi wahala, hujjar tana raunana. Wannan ne ya sa ɗan tsukin da aka bar wa gwaggo ya zama matsala ta biyu, domin mai shagunan yana iya cewa ai ya bar hanya.

Da farko mun bi matakin da kowa ya sani, muka je wurin mai unguwa. Ya kira mutumin, ya kira limamin masallacinmu da dattawa biyu da suka san gidan tun yana da zaure. Mutumin ya zo da takardarsa a cikin leda, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ci haƙƙin kowa ba. Abin da aka auna mini shi na gina, har ma na yi alheri na bar musu wurin wucewa." Gaskiya ne abin da ya faɗa game da takarda, kuma ina ganin wajibi ne a faɗi haka, domin a irin wannan rikici sau da yawa wanda ake kallo a matsayin azzalumi shi ma an sayar masa da rigima ne bai sani ba. Liman ya yi nasiha, dattawa suka ba da shaida cewa sama da shekara hamsin ta zauren nan ake shiga sashen baya, amma zaman ya tashi babu matsaya, saboda mutumin ya riga ya karɓi kuɗin hayar shagunan na shekara.

Daga nan aka fara maganar kotu, kuma a nan ne na ga inda mutane da yawa ke asarar shekaru da dukiya. Tambayar farko a shari'ar fili ita ce wace kotu ce ke da hurumi. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'o'in filayen da haƙƙinsu ya fito daga gwamna, sashe na 41 kuma ya ba ƙananan kotuna irin su kotunan yanki damar sauraron na haƙƙin gargajiya. A shekarar 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, Kotun Ƙoli ta yanke cewa Babbar Kotu ma tana da hurumin sauraron shari'ar filayen karkara. Sannan sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amura irin su aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Saboda haka rikicin da ya faro a matsayin rabon gado yana iya rikiɗewa ya zama jayayyar mallakar fili tsakanin magaji da baƙon da ya saya, kuma idan aka bi da shi ta kotun da ba ta da hurumi, sai a yi shekaru ana shari'a, a yi nasara, a ƙarshe kotun sama ta rushe komai ta ce a koma farko. Tsohuwa mai shekara saba'in ba ta da waɗannan shekaru a ajiye.

Akwai kuma batun shiru, wanda nake so masu karatu su riƙe da kyau. A fiƙihun Malikiyya akwai ƙa'idar hauzi: idan wani wanda ba ɗan'uwanka ba ya riƙe fili yana gini da rushewa a cikinsa har shekara goma, kana nan, kana gani, babu abin da ya hana ka magana kuma ba ka yi ba, to ba za a saurari da'awarka ba bayan haka. Tsakanin 'yan'uwa an tsawaita lokacin sosai, saboda an san kunya da zumunci na hana magana. Kotunanmu suna aiki da wannan ƙa'ida. Darasin da ke ciki ga mai rikicin hanya shi ne ya yi magana tun ana haƙa harsashi, a gaban shaidu, ya kai wa mai unguwa, ya kai wa hukumar tsara birni idan a birni ne. Mu mun yi kawaici har aka kai linta, kuma wannan kawaici ya kusa zama hujja a kanmu, domin rushe ginin da aka gama ya fi hana wanda ba a fara ba nauyi a wurin kowane alƙali.

Wannan cuta ba ta tsaya a cikin ganuwa ba. A unguwannin awon igiya da ke kewaye da Kano da Kaduna da sauran garuruwa, mai gona da dillali sukan yanka fuloti su bar layi a baki kawai, daga baya layin ma a sayar da shi ga wani, sai wanda ya sayi na ciki ya wayi gari a kulle. A ƙauyuka kuma ita ce dai matsalar burtali da hanyar mashaya, waɗanda ake nomewa kaɗan-kaɗan, kunya ɗaya a bana, ɗaya a baɗi, har makiyayi ya rasa ta inda zai bi sai cikin amfanin gona, abin da ya jawo asarar rayuka a wurare da dama duk da cewa tun 1965 Arewa take da dokar wuraren kiwo. A Jamhuriyar Nijar, dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda daga baya aka kai su har matakin ƙauye, kuma a wurare da yawa an kafa wa burtali turakun siminti domin iyakarsa ta zama abin gani da ido. Abin da ya burge ni a wannan tsari shi ne an mayar da hanya abin da aka auna aka kafa wa alama, maimakon a bar ta a cikin ƙwaƙwalwar dattawa waɗanda kullum raguwa suke yi.

Mu dai a ƙarshe mun shigar da ƙara, kuma abin da ya juya al'amarin shi ne ranar da kotu ta fito ziyarar gani da ido. Alƙali ya tsaya a bakin tsukin, ya sa aka auna, sannan ya nemi ya shiga da kansa. Sai da ya tattare babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa kafin ya iya wucewa, ya isa tsakar gida ya tarar da gwaggo zaune a kan tabarma. Da ya fito sai ya dubi ɓangarorin biyu ya ce yana ba su shawara su je su gwada sulhu kafin ya ci gaba, ya kuma tunatar da su cewa sulhu halal ne tsakanin Musulmi matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Ina ganin mai shagunan ya karanci fuskar alƙali a wannan rana, mu ma kuma lauyanmu ya gaya mana gaskiya cewa ko mun yi nasara akwai ɗaukaka ƙara a gaba.

Zaman sulhu na biyu ya bambanta da na farko ta fuska ɗaya, wato an zo da abin awo da takarda, kuma an yarda tun farko cewa kowane ɓangare zai rasa wani abu. Mutumin ya amince ya ja katangar shago na ƙarshe baya da ƙafa huɗu. Mu kuma, da yake 'ya'yan baffa ne suka sayar ba tare da fitar da hanya ba, dangi suka haɗa kuɗin rushewa da sake ginin katangar, aka kuma biya shi wani abu a madadin wurin da ya rasa. Wasu daga cikin 'yan'uwa sun ji zafin wannan biya, suna cewa ta yaya za mu sayi abin da yake namu tun asali. Na fahimci zafin nasu, amma da na lissafa kuɗin lauya da na zirga-zirgar kotu na shekara biyu kacal, sai na ga abin da muka biya bai kai su ba, kuma gwaggo za ta ci gaba da zama katanga ɗaya da mutumin nan har iyakar rayuwarta.

Takardar sulhun ita ce na fi ba muhimmanci, kuma ni na nace a kan abin da za a rubuta a ciki. An rubuta faɗin hanyar da tsawonta da lambobi, an zana taswirarta, an faɗi cewa hanyar haƙƙin sashen baya ce, tana bin gidan duk wanda ya mallake shi ta gado ko ta ciniki, kuma tana kan sashen gaba duk wanda ya mallake shi. An rubuta cewa ba za a ajiye kaya ko janareto a cikinta ba, ba za a buɗe ƙofar shago ta cikinta ba, kuma gyaran kwata yana kan gidajen biyu rabi da rabi. Mai unguwa da liman da dattawa sun sa hannu, sannan aka mayar da ita kotu aka karanta a gaban alƙali, ya tambayi kowane ɓangare ko ya yarda, ya shigar da ita a matsayin hukunci. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mutane ke yawan tsallakewa, alhali shi ne ke bai wa sulhu ƙarfin da za a iya zartar da shi idan wani ya saɓa.

An rufe kwatar da murfin siminti kafin damina ta gaba. Faɗin hanyar yanzu ya kusa ƙafa bakwai, bai kai kamu bakwai na hadisi ba, amma mai kurar ruwa yana tura kurarsa har ƙofar tsakar gida. Gwaggo ta ba ni kwafin takardar in ajiye a wurina, ta sa ɗaya a ƙarƙashin akwatinta, ta kuma sa aka kai wa ƙanwarta ɗaya. A watan da ya wuce aka kira ni zaman rabon gonar wani kawunmu a ƙauye, gona mai tsawo wadda bakinta ɗaya ne kawai ke kan hanyar mota. Kafin a fara jan igiya na nemi izinin manya na ce, "Allah ya gafarta Malam, a fara fitar da hanyar da za ta kai ga kason ƙarshe, sannan a raba abin da ya rage." Malamin ya ce haka ya kamata, aka auna kamu bakwai ta gefen gabas, aka dasa aduruku a kan iyakarta.